Ranar da Muryar Iya Ta Fito a Rediyo

Har yau in na ji warin tsohon batir, irin wanda ya fara tsatsa yana fitar da farin gari a baki, sai in ganni a tsakar gidanmu na Sabon Gari, cikin Wudil, ina 'yar shekara goma ko ƙasa da haka, ina jera batura a kan murfin rijiya don rana ta gasa su. Kakana, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, shi ya koya mana wannan dabara. A wajensa batir ba ya mutuwa da wuri, sanyi ne kawai yake kama shi. In ya sha rana ya yi zafi sai ya mai da shi cikin rediyonsa, ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu, ita kuma ta yi 'yan tari ta kama magana.

Rediyon baƙa ce, an ɗinka mata rigar fata a wajen dukawa, kuma babban aikinta na safe ne. Bayan an gama labarai akwai wani ɗan gajeren shiri da ake buɗewa da busar sarewa, sannan wani mutum mai sanyin murya ya ce, "A rana irin ta yau." Daga nan sai ya shiga faɗin abin da ya faru a wannan rana a shekarun baya. Shi ba ruwansa da yaƙe-yaƙe ko naɗin sarauta. Nasa na masu alƙalami ne da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo. Yau a ce an haifi wani marubuci a wata ƙasa da bakinmu ba ya iya faɗin sunanta. Gobe a ce ranar ce wani mai goge ya rasu, a saka kiɗansa kaɗan. Wata rana kuma a ce ranar ce aka fara haska majigi a wani gari, har mutane suka riƙa leƙa bayan farin ƙyallen suna neman waɗanda ke ciki.

Baba Tsoho bai yi boko ba. Manomi ne, da rani kuma yana sarin tukwane ya kai ƙauyuka a kan jaki. Amma wannan shiri ba ya wuce shi. Yakan zauna a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, kwanon koko a gabansa yana hucewa, kunnensa a jikin rediyo. In mamacin da aka ambata musulmi ne ya ce Allah ya jiƙansa. In kuwa bai tabbatar ba sai ya girgiza kai ya ce, "To, shi ma ya tafi ya bar littafinsa." Da shirin yake ƙirga kwanakin gidan. In aka yi gardama a kan yaushe jar akuya ta haihu, sai ya ce ranar mai goge ce. Ruwan shuka kuwa ranar mai majigi ya sauka, kowa ya sani.

Ni ce na fi kowa zama kusa da shi, domin yana ce mini amaryarsa, yana rage mini ƙosai. Abin da na ji da safe sai in ɗauka in kai makaranta. Malaminmu na Hausa ya lura, ya ba ni dama kullum kafin ya fara darasi in tashi in gaya wa aji ko wace rana ce yau. Ka san yaro da son a kalle shi. Nakan miƙe in gyara ɗankwali, in kwaikwayi muryar mutumin rediyo, in faɗi sunayen da ban san masu su ba kamar 'yan uwana ne. Ban taɓa jin kaina da tsayi kamar a waɗannan safiyoyi ba.

Kakata kuwa, wadda muke kira Iya, ba ta zama wajen rediyo. Da ta ji sarewar nan sai ta tashi ta shige madafi, mu kuma muka ɗauka abin ne bai dame ta ba. Iya mace ce mai kwarjini a unguwa. Ita ake aika wa in haihuwa ta zo, ita ke gaba wajen wankan jego, in mace ta rasu ita ake jira kafin a taɓa gawa. In miji da mata suka saɓa, ɗakinta matar take fara zuwa. Sannan tana da guɗa. Babu amaryar da aka fitar a layinmu ba tare da Iya ta kama hanci ta rangaɗa mata guɗar da har 'yan bakin titi sai sun juyo ba. Ban taɓa jin ta yi waƙa da kalmomi ba, amma bakinta ba ya zama shiru in tana aiki. Tana tankaɗe, tana tsince shinkafa, tana jijjiga jariri a cinya, akwai wani ɗan sauti da yake fita ta hancinta ƙasa-ƙasa, yana hawa yana sauka. Mun saba da shi kamar yadda muka saba da kukan tantabarun gidan.

Mahaifina shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa wancan." Shi kuma malamin firamare ne, yana jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Mutum ne mai kula da sunan gida ƙwarai, ko dariyarmu ta yi ƙarfi sai ya leƙo ya ce maƙwabta na ji.

A shekarar da nake ba ka labari an sa ranar auren autar Iya, ƙaramar goggona, da wani saurayi daga Lajawa, ɗan gidan malamai. Ita ta zaɓe shi da kanta. Duk Juma'a in kasuwa ta fara watsewa yakan zo a kan kekensa, ya jingine shi a jikin dalbejiyar ƙofar gida, mu yara mu yi ta tsere wajen kai mata labari. An yanke sai an gama girbi za a yi biki. Iya ta riga ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado.

Abin ya faru ne a tsakiyar damina. Da asuba aka yi ruwa mai yawa, ya koma yayyafi ya ƙi ɗaukewa. Gero ya fi mutum tsayi a gonakin bayan gari, kogi ya cika har masunta suna ɗaure kwale-kwalensu a jikin bishiya. Saboda yayyafin duk gidan muka taru a ƙarƙashin rumfa, har mahaifina da ya saba fita da wuri yana zaune da jakarsa a cinya yana jiran sama ta huta. Madafi ya jiƙe, shi ya sa ranar Iya ma a rumfar take dama koko. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na kanwa da hayaƙin ɗanyen itace duk sun haɗu.

Sarewa ta yi kuka, mutumin ya ce, "A rana irin ta yau." Ya ce shekaru masu yawa da suka wuce ma'aikatan gidan rediyon suka sauka a kasuwar Wudil da na'urar ɗaukar magana, suka tarar da wata zabiya da 'yan amshinta suna kiɗan ƙwarya. A cikin 'yan amshin akwai wata yarinya da in ta ɗaga murya har masu ciniki sai sun dakata. Ya faɗi sunan zabiyar. Ya faɗi sunan yarinyar da na mahaifinta, ya ce 'yar Kausani ce. Sunan da ya faɗa shi ne sunan da ba a furtawa a gidanmu. Shi ne kuma sunan da ke rubuce a littattafaina na makaranta, domin ni takwarar Iya ce, a gida laƙabi ake kirana da shi.

Sai waƙar ta fito. Faifan ya tsufa, yana ƙara kamar ana soya gyaɗa, ana jin hayaniyar kasuwa a baya, har da kukan jaki. Amma muryar ta ratso duk wannan, siririya, mai tsayi, ba ta rawa ko kaɗan. Yarinyar tana kiran wani mai kwale-kwale ne ya zo ya haye da ita kafin rana ta faɗi, tana yi masa ba'a cewa sandarsa ta fi shi ƙarfi. A tsakiyar wani baiti dariya ta ƙwace mata, ta yi ta, sannan ta koma ta kama waƙar daga inda ta tsaya. Ko da ba a faɗi suna ba, wannan dariya ta isa. Ita ce dariyar da Iya take yi in jariri ya yi mata fitsari a zane.

Na juya na kalle ta. Ludayin yana cikin ƙwarya, hannunta yana riƙe da shi, amma ba ya motsi. Mahaifina ya miƙa hannu zai kashe rediyon. Baba Tsoho ya kama wuyan hannunsa, ba da ƙarfi ba, ya ce, "Bar ta ta kai ƙarshe." Aka bar ta. Na ga leɓɓan tsohon suna motsi tare da 'yan amshi.

Da aka gama, rediyon ta wuce zuwa sanarwa kamar ba abin da ya faru. Iya ta ajiye ludayin, ta tashi, ta shiga ɗakinta ta saki asabari. Mahaifina ya juya wajen Baba Tsoho ya ce, "Baba, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Me ya sa ba a taɓa gaya mini ba?"

Baba Tsoho ya jawo kwanon kokonsa. "Me za a gaya maka? Jiya uwarka ce, yau ma uwarka ce."

In kai yaron yanzu ne, wataƙila ka ce mene ne abin damuwa a nan. A wancan lokaci mutane suna son waƙa kamar yadda suke son ta yau, suna gayyatar zabiya biki, suna yi mata kari, suna haddace baitocinta. Amma in maganar aure ta taso sai a binciki asali, kuma in aka ce gidan maroƙa ne ko makaɗa, gidaje da yawa sai su ja baya a hankali. Daga baya na ji mahaifiyata tana gaya wa wata ƙawarta yadda abin yake. Iya marainiya ce tun tana ƙarama, ƙanwar uwarta ce ta ɗauke ta, ita kuwa zabiya ce mai bin kasuwanni da bukukuwa. A kasuwa Baba Tsoho ya gan ta yana saurayi mai tallar tukwane. Danginsa suka ƙi, ya aure ta duk da haka, suka baro ƙauye suka dawo Sabon Gari inda aka cakuɗu da baƙi. Tsofaffin gari sun sani, amma sun yi shiru tsawon shekaru, har abin ya zama kamar bai faru ba. Rediyo ce ta buɗe wa kowa baki a safiya ɗaya.

Ranar ban so zuwa makaranta ba, amma ba wanda ya ce in zauna. Ba mu kaɗai ke da rediyo ba. Mai shayin bakin titi yana da ita, telan layinmu yana da ita. Ina tafe ina tsallake taɓo ina jin idanu a bayana. Da na shiga aji na nemi benci na ƙarshe na zauna. Malamin Hausa ya shigo fuskarsa cike da fara'a, ya kira sunana cikakke, sunan nan da aka faɗa da safe, ya ce in tashi. Ya gaya wa aji cewa yau ba sai na faɗi komai ba, domin yau ranar gidanmu ce, kuma abin alfahari ne ga Wudil baki ɗaya. Ya sa aka yi mini tafi. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, Allah ya saka masa. Amma ina tsaye ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka fita hutun tara, 'yan ajinmu suka kife kwanukan abincinsu suna kaɗawa, suna bina suna cewa zabiya ƙarama ta yi musu mai kwale-kwale. Wata yarinya ta manna mini ganye a goshi a madadin kuɗi. Tun daga ranar ban ƙara tashi na faɗi ko wace rana ce ba, malamin ya tambaye ni har ya gaji.

A gida kuwa sai 'yan gaisuwa suka yi yawa. Matan da suka yi wata ba su leƙo ba suka riƙa zuwa, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi ruwa da gona da yara, idonsu kuwa yana kan fuskar Iya kamar yau suka fara ganinta. Wata ta yi dariya ta ce, "Ashe Iya da abinki kika ɓoye mana." Iya ta ce mata a gai da mutan gida. A cikin wannan makon aka yi haihuwa a gida na uku da namu, aka aika aka kira wata tsohuwa daga wani layi. Iya ta ji kukan jaririn ta kan katanga, ta ci gaba da tsince wakenta.

Juma'a ta zo. Goggo ta yi wanka ta sa atamfarta mai ganye-ganye, ta zauna a bakin gado. Kasuwa ta watse, motocin shanu suka gama wucewa, aka kira magariba, babu keke a jikin dalbejiya. Ta cire ɗankwalin ta linke shi ta mayar cikin akwati. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Bayan 'yan kwanaki baffan saurayin ya zo daga Lajawa da wani dattijo. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka aike ni da ruwa, ni kuma da na fito sai na tsaya a bayan ƙofa. Sun daɗe suna gaisuwa kafin baffan ya ce sun ji wani abu a rediyo, kuma gidansu gidan karatu ne, mutane suna ta yi musu magana, shi ya sa suka zo su ji daga bakin masu abin.

Baba Tsoho ya ce, "Abin da kuka ji haka yake. Ban ɓoye ba, tambayata ce ba a yi ba. Tana waƙa na gan ta, kuma don na ji waƙar na tsaya. Tun da ta shigo gidana ban ga abin da zan sunkuyar da kai a kansa ba. In yarinyar ta yi muku, ga ta. In ba ta yi ba, Allah ya ba kowa alheri."

Ina jin da an tsaya a nan, da baƙin sun tashi, da auren ya mutu. Mahaifina ne ya karɓi maganar. Ya yi ta da ladabi. Ya ce abu ne na ƙuruciya da maraici, ya wuce. Ya yi musu alkawarin ba za a yi kiɗa ko waƙa a bikin ba, kuma shi da kansa zai je Kano ya roƙi mutanen rediyo kada su sake saka faifan. Baffan ya ce in haka ne za su koma su yi shawara. Da suka tafi Baba Tsoho ya tashi ya bar ɗansa a zaure. Ya ɗauki fartanya ya fita, alhali rana ta kusa faɗuwa.

Mahaifina bai iya tunkarar Iya da maganar ba, kunyar ɗan fari ta hana. Ita ce ta sauƙaƙa masa. Washegari yana ɗaure takalmi a tsakar gida, ta fito da tsintsiya ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa wancan ya je ya yi abin da ya ce. Autar nan dai ta samu ta shiga ɗakin aurenta, shi ke nan." Ya hau mota ya tafi Kano, ya dawo da la'asar ya ce sun karɓe shi da mutunci, sun yi mamaki, amma sun ce tunda iyalinta ba sa so za a ajiye. Juma'ar da ta biyo keken ya dawo jikin dalbejiya.

Sau ɗaya tak muka yi maganar da Iya. Tana yi mini kitso da hantsi a bakin ɗakinta, kaina a tsakanin gwiwoyinta, ina jin ƙanshin man shanu da take shafawa. Da yake ba na ganin fuskarta sai na sami ƙarfin hali na ce, "Iya, da gaske ke ce?"

Ta ja wani silin gashi ta daɗe tana kitsa shi. Sannan ta ce, "Wata yarinya ce. Ba uwa ba uba, sai murya." Can kuma ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Ke da kika ji, da daɗi?"

Na ce, "Da daɗi, Iya."

Ta ce, "To, kada ki gaya wa kowa." Ta juya mini kai ta kama ɗaya gefen.

Aka yi girbi, rumbuna suka cika, aka yi bikin. Ban taɓa ganin biki irinsa ba kuma ba na fatan in sake gani. An yi tuwo da yawa, an yi alkaki da nakiya, mata sun cika gida da sabbin zannuwa. Amma ranar lalle babu wadda ta kife ƙwarya a ruwa ta kaɗa. 'Yammatan amarya suna zaune a jere suna kallon tafin hannunsu. In wata ta manta ta fara rera wani abu sai ta kusa da ita ta taɓa ta. Abin da kake ji kawai ƙarar kwanuka da kukan yara. Da aka zo fitar da amarya, an lulluɓe ta, motar Lajawa tana jira a ƙofa, sai duk matan suka juya suka kalli Iya. Guɗa ba ta cikin abin da aka hana, kowa ya san haka. Iya ta ɗaga hannu har ya kai hancinta. Ta tsaya a haka. Sai ta sauke shi ta gyara mayafinta. Ita da ta yi wa 'ya'yan unguwa duka, tata 'yar ta fita ba guɗa, domin babu macen da ta iya yi a gabanta.

Bayan nan mutane suka manta, kamar yadda suke mantawa. Aka dawo ana kiran Iya wajen haihuwa. 'Yan ajinmu suka sami wani abin tsokanar. Amma ɗan sautin nan na hancinta bai dawo ba. Ƙannena da aka haifa daga baya shiru ta riƙa jijjiga su, ba su san akwai wani abu da suka rasa ba. Baba Tsoho kuma da an gama labarai sai ya kashe rediyonsa ya tafi gona. Shi ya riga Iya rasuwa, ita ta bi shi bayan 'yan shekaru, mahaifina ma yanzu ba ya duniya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Yanzu 'yata ta biyu tana karatu a jami'ar da ke nan Wudil. Ita da wasu ɗalibai, daga jihohi daban-daban, suna da wata ƙungiya da kullum safe take sakawa a waya cewa a rana irin ta yau an haifi marubuci kaza, ko an fitar da fim kaza, ko mawaƙi kaza ya rasu. Mutane da yawa suna bi. Wata rana ta dawo tana mita cewa duk waɗanda suke sakawa maza ne ko mutanen nesa. Ta ce wani malaminsu ya gaya musu ya taɓa jin an ɗauki muryar matan Wudil a kasuwa tun zamanin da, ya nema bai samu ba, domin yawancin tsofaffin faya-fayan laima da daɗewa sun cinye su. Ta ce, "Umma, ke da aka haifa a nan, ba ki taɓa jin labarin ba?"

Na gaya mata. Ina faɗa ina rage murya, har na tashi na tura ƙofa, a cikin gidana, ni da 'yar da na haifa. Ita kuwa tsalle ta yi ta rungume ni, ta ce ashe jinin mawaƙiya ne a jikinta, bari ƙawayenta su ji. Murnarta ta fi tsokanar 'yan ajinmu yi mini ciwo. Ta ɗauko waya ta ce in faɗa mata ranar, in rera mata ko baiti ɗaya ne. Ni da na haddace ranakun mutanen da ban taɓa gani ba, ta Iya ban riƙe ba, na san dai damina ce. Waƙar ma da na buɗe baki sai na tarar babu komai sai mai kwale-kwale da dariyar. Karin ya tafi.

Muka shirya muka je Lajawa wajen goggo. Ta tsufa, jikoki sun cika mata gida, mijinta ya zama limamin unguwarsu, kuma ta zauna lafiya da shi duk tsawon shekarun nan. Muka same ta a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa. Bayan gaisuwa 'yata ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo mu, ta ce ko goggo ta tuna wani abu daga waƙar, ko kaɗan ne, a ɗauka a ajiye saboda 'yan baya.

Goggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Saboda ni aka rufe mata baki. Yanzu kuma ni za ku ce in buɗe nawa?"

Muka zauna muna taya ta ɓarar gyaɗa. Daga cikin ɗaki wata jikarta tana bin waƙa a waya da ƙarfi, a gidan malaman nan da aka taɓa tsayar da aure saboda baiti ɗaya, kuma babu wanda ya ce ta yi shiru. Yau yarinya mai murya irin ta Iya, hotonta za a buga, a gayyace ta jami'a, danginta su riƙa faɗin sunanta a gaban baƙi. Ban ce mutanen da miyagu ba ne. Mahaifina ƙanwarsa yake ceto, kuma ya cece ta. Amma gida guda muka taru, manya da yara, muka ji kunyar abu mafi kyau da aka taɓa ji daga gidanmu, kuma mai abin ta taya mu jin kunyar har ta koma ga Allah.

Da la'asar ta yi muka yi sallama. Goggo ta rako mu har zaure tana dogara bango, ta ƙulla wa 'yata gyaɗa a leda. Har mun fita sai ta kira ta, ta riƙe mata gefen hijabi, ta yi magana a hankali don kada na cikin gida su ji.

"In Allah ya sa kun samo faifan, ki zo ki kunna mini. Ranar da aka saka a rediyo, ina jin sunan na toshe kunnena. Ban taɓa jin muryar waƙarta ba."